Taya Kafin Wili: Jagorar Zaɓen Ƙafafun Motar da Aka Rage wa Tsayi

Duk wanda ya rage wa motarsa tsayi ya riga ya ci wani kaso daga cikin filin da kamfani ya bar wa ƙafafunta. Tsakanin saman taya da rufin kogon da take zaune a ciki akwai tazarar da injiniyoyi suka ware domin ƙafa ta samu wurin hawa da sauka idan ta faɗa rami ko ta taka tudu. Sifirin na rage tsayi, irin waɗanda kamfanonin Eibach da H&R ke ƙerawa, yawanci suna sauke mota da milimita 25 zuwa 40, kuma daga cikin waccan tazarar ake cire su. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma a cikinsa ne sabon wili da sabuwar taya za su yi aikinsu. Matsayar wannan jagora ke nan: a motar da aka sauke, taya ake fara zaɓa, sannan faɗin wili da zurfin zamansa, girman wili kuwa shi ne na ƙarshe. Yawancin masu saye suna juya wannan tsari. Sukan ga wili mai ƙyalli a Ƙofar Ruwa ko Panteka, su biya kuɗi, daga baya su shiga neman tayar da za ta yarda ta shiga kogo. A nan ne gugar taya da lanƙwashewar wili da mutuwar boris suke samo asali.

Domin maganar ta tsaya a kan ƙafafunta, bari mu ɗauki mota guda mu bi ta da lissafi. Volkswagen Golf 4, wadda aka fara ƙerawa a 1997, ta dace da wannan aiki, domin kamfanin da kansa ya fitar da ita da wili kala-kala, daga ƙanana har zuwa inci 18. A gefen tayarta da aka fi sani an rubuta 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu tana nuna tsayin gefen taya a matsayin kaso cikin ɗari na wannan faɗin, wato kashi 65 na 195, wanda ya kama kusan milimita 127. Ta ƙarshe girman wili ce a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka inci 15 ya zama milimita 381. Idan aka haɗa girman wili da gefen taya na sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama milimita 634.5. Wannan ita ce lambar da mai mota zai rubuta ya ajiye kafin ya taka ƙafarsa kasuwa, domin a kanta aka saita mitar gudu da giya da birkin ABS da kuma faɗin kogon taya.

Hujjar cewa wannan lamba ita ce ginshiƙi tana cikin abin da Volkswagen ya yi da hannunsa. Da ya sa wa motar wili mai inci 16, sai ya haɗa shi da taya 205/55 R16, tsayinta milimita 631.9. A inci 17 ya yi amfani da 225/45 R17, tsayinta 634.3. A Golf R32 mai inci 18 kuwa ya sa 225/40 R18, tsayinta 637.2. Wili ya ƙaru da inci uku, amma tsayin ƙafa bai motsa da ko milimita 3 daga na asali ba. Abin da ya canza shi ne gefen taya, wanda ya sauko daga milimita 127 zuwa 113, zuwa 101, zuwa 90. Masu sana'ar taya sun saba cewa kada sabuwar taya ta bambanta da ta asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. A motar da ke kan tsayinta na kamfani wannan ya wadatar. A motar da aka sauke ya kamata a matse shi zuwa kashi ɗaya ko ɗaya da rabi, musamman ta ɓangaren ƙari. Ɗauki 225/50 R17, wadda mai sayarwa zai iya cewa ɗaya suke da 225/45. Tsayinta milimita 656.8 ne, ta fi ta asali da kashi 3.5 cikin ɗari, ma'ana samanta ya ƙara matsawa kusa da rufin kogo da milimita 11 bayan kusan 30 da sifirin ya riga ya cinye. Ga shi kuma mitar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da abin da take nunawa a da, alhali ƙa'idar da ake ƙera motocin Turai a kanta ta hana mita ta nuna gudun da bai kai na gaskiya ba.

Bayan tsayi sai ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma a nan ne maganar ta tashi daga ado ta koma ta rai. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, misali 91H. Lambar 91 tana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615, harafin H kuwa yana nufin an gwada ta zuwa gudun kilomita 210 a awa. Lamba 88 kilo 560 ce, 84 kilo 500, 94 kuma kilo 670. Iskar da ke cikin taya ce ke ɗaukar mota, kuma duk lokacin da gefen taya ya gajarce, ɗakin iskar yana raguwa. Shi ya sa yawancin tayoyi masu gajeren gefe suke zuwa da alamar XL, wadda ke nuna an ƙarfafa su domin su karɓi iska mai yawa su cike giɓin. Dokar a nan ba ta da sassauci: lambar nauyin sabuwar taya kada ta gaza wadda ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai. A yankin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin bazara, kwalta ta ɗauki zafi, mota kuma ta cika da mutane da kaya a hanyar Kano zuwa Maiduguri, tayar da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima, ta yi zafi daga ciki, ta fashe ba tare da ta yi sallama ba.

Idan an tsayar da taya, ita ce za ta faɗi faɗin wilin da ya dace da ita. Kowane girman taya yana da iyakar faɗin wilin da masu ƙera ta suka amince da shi. Taya 205/55 R16 tana zama a wili mai faɗin inci 5.5 zuwa 7.5. Ita 225/45 R17 tana son inci 7 zuwa 8.5, sannan 225/40 R18 tana son 7.5 zuwa 9. Ana samun faɗin wili a rubuce a bayan ƙafafunsa ko cikin bakinsa, kamar 7Jx17. Kusa da wannan rubutu akwai lambar da ta fi kowace muhimmanci ga motar da aka sauke, wadda kuma aka fi yin watsi da ita: ET, da lamba a gabanta. Tana nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa cibiyar ƙafa. Idan lambar ta yi girma, wili yana shigewa ciki kusa da shokozoba. Idan ta yi ƙanƙanta, yana fitowa waje kusa da leɓen fenda. Wilin Golf 4 mai inci 15 yana da faɗin inci 6 da ET38, mai inci 17 kuma faɗin inci 7 da ET38.

Lissafin ba ya buƙatar komai sai takarda da biro. A ce kana kan 7J ET38, ka ga 8J ET35 ya burge ka. Faɗi ya ƙaru da inci ɗaya, wato milimita 25.4, kuma wannan ƙari yana rabuwa biyu, 12.7 ciki, 12.7 waje. ET ya ragu da 3, saboda haka wilin gaba ɗaya ya matso waje da milimita 3. Sakamako shi ne bakin waje ya fito da milimita 15.7, bakin ciki kuma ya matsa kusa da shokozoba da 9.7. Da ET25 ne, da bakin ciki ya tsaya kusan inda yake, na waje kuwa ya fito da milimita 25.7. A motar da ke tsaye a sama, taya mai fitowa haka tana iya wucewa ba ta taɓa komai ba sai a babban rami. A motar da aka sauke, leɓen fenda ya riga ya sauko daf da kafaɗar taya, kuma kowane ɗan tudu zai haɗa su. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tura wili waje yana nesanta wurin da taya ke taka ƙasa daga layin da sitiyari ke juyawa a kai, sai sitiyari ya riƙa fizgar hannu a kan gargada da lokacin taka birki, boris kuma ya ɗauki nauyi ta gefen da ba a gina shi don shi ba. Tsayawa cikin milimita 5 zuwa 10 daga ET na kamfani shi ne hanyar da ba ta kai mutum ga nadama.

Kafin duk wannan ya yi amfani, dole wilin ya zauna a cibiya yadda ya kamata, kuma abubuwa uku ne ke tabbatar da haka. Na farko shi ne adadin ramukan noti da faɗin da'irarsu. Golf 4 tana da 5x100, Golf 5 da waɗanda suka biyo ta suna da 5x112 kamar yawancin Mercedes, Honda Accord da Toyota Camry suna da 5x114.3, Peugeot 406 kuma 4x108. Tsakanin 112 da 114.3 bambancin milimita 2.3 ne kacal, har ana iya tilasta noti ya shiga, amma zai shiga a karkace, ya riƙa kwancewa ko ya karye. Na biyu shi ne ramin tsakiya: milimita 57.1 a Golf, 64.1 a Accord, 60.1 a Camry, 66.6 a Mercedes. Wilin kasuwa yakan zo da rami mai faɗi domin ya shiga motoci da yawa, sai a cike tazarar da zobe na roba mai tauri ko alminiyam. In babu zoben, da wuya wili ya zauna daidai a tsakiya, kuma sitiyari zai riƙa rawa a babban gudu komai yawan balansin da aka yi. Na uku shi ne mazaunin noti. Na Volkswagen da na Honda zagayayye ne, yawancin wilin kasuwa kuwa mazauninsu mai gangare ne na digiri 60. Notin da bai dace da mazauni ba yana taɓa ƙarfe a siririn layi kawai, ya ɗauru yau ya saki gobe. Sabon wili yana buƙatar notin da ya dace da mazauninsa, kuma a Golf 4 ana ɗaure su da sifana mai awo zuwa 120 Nm, a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Sai yanzu muka iso girman wili, kuma a nan ne za a ta da ƙorafi na farko: ai babban wili da taya mai gajeren gefe sun fi riƙe hanya, shi ya sa motocin tsere ke amfani da su. Akwai gaskiya a ciki, domin gajeren gefe ba ya lanƙwasa sosai a kwana, sitiyari yana amsawa da sauri. Sai dai ribar tana da iyaka, kuma tana da farashi. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗauki Golf guda ta gwada ta da wili daga inci 15 zuwa 19. Riƙon hanya ya ƙaru har zuwa inci 18, amma 19 bai ƙara komai a kan 18 ba. Kowace ƙafa ta ƙara nauyin kusan kilo 6 daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, tashin motar ya yi nauyi, kuma nisan da take yi da kowace lita ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. A kan kwalta mai santsi aka yi wannan gwaji, da motar da ba a sauke ba. A motar da aka sauke, sifirin ya gajarce ya kuma yi tauri, saboda haka gefen taya ne ya rage yana shanye duka. Idan taya mai gefen milimita 79, irin 225/35 R19, ta faɗa rami mai kaifin baki, robar tana matsewa tsakanin kwalta da bakin wili, zaren ciki ya tsinke, ƙulu ya fito a gefe, wilin ya lanƙwashe ko ya tsage. Ga Golf 4 da aka sauke tana bin titunan da damina ta cinye, inci 16 shi ne zaɓin hankali, inci 17 iyaka ce, abin da ya wuce nan kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ƙorafi na biyu shi ne na masu cewa idan taya tana guga, sai a sa ƙarama, ko a miƙe siririya a kan wili mai faɗi domin kafaɗarta ta kwanta ta kauce wa leɓen fenda. Gugar takan daina, amma a duba abin da aka biya. Ɗauki 205/40 R17, wadda ake yawan gudu wajenta. Tsayinta milimita 595.8 ne, ta gaza ta asali da kashi 6 cikin ɗari. Motar da aka sauke da milimita 30 ta ƙara sauka da 19, kuma Golf 4 an san ta da tukunyar baƙin mai ta alminiyam da ke zaune ƙasa-ƙasa, wadda tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa ta. Lambar nauyin wannan taya yawanci 84 ce, wato kilo 500 a inda ake da 615, an rasa kilo 115 a kowace ƙafa. Miƙe taya fiye da faɗin da aka amince kuwa yana barin bakin wili a waje ba kariya, yana ɗora wa gefen taya jan da ba a gina shi don shi ba, kuma iska tana ɗan raguwa tayar za ta iya subucewa daga wili a tsakiyar kwana. Guga alama ce ta cewa ET ko faɗin wili bai dace ba, ko an sauke motar fiye da kima, kuma a can ne gyaran yake.

Ƙorafi na uku ya fi ƙarfi: ai akwai dabarun gyara, kamar faifan sifesa da ake sa wa tsakanin wili da cibiya, da naɗe leɓen fenda, da karkatar da ƙafa. Kowannensu yana da wurinsa idan milimita kaɗan ake nema. Sifesa mai kyau, wadda ke da nata bakin da wili zai zauna a kai, tana magance taya mai taɓa shokozoba, da sharaɗin a sa noti masu tsawon da ya ƙaru daidai da kaurinta, su shiga aƙalla zagaye bakwai da rabi a motar da ke da zare irin na Golf. Sai dai sifesa rage ET ce da wani suna, kuma ba ta da abin da za ta yi wa tayar da ke guga ta waje sai ƙara mata. Naɗe leɓe yana ba da 'yan milimitoci, amma idan fenti ya tsage tsatsa ce ke biyo baya. Karkata kuwa, sauke mota da kansa yakan sa saman tayoyin gaba ya ɗan kwanta ciki, ya kuma sauya yadda suke fuskantar juna, kuma wannan na biyun ne ke cinye taya cikin 'yan watanni idan ba a yi alaimen ba. Ƙafafun bayan yawancin Golf 4 suna kan ƙarfe guda ne da ya haɗa su, ba sa kwantawa ciki sosai idan an sauke su, don haka a baya guga ta fi fitowa idan an ɗauki fasinja. Dabarun nan na kammala aikin da aka auna ne, ba su isa su ceci wilin da aka saya da ido ba.

Akwai kuma mai cewa ya ga irin wannan wilin a jikin mota irin tasa yana tafiya lafiya. Motoci biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a girman birki, a shekarun shokozoba, a yawan saukar da aka yi musu, ko a tsohon haɗarin da ya ɗan karkatar da fenda. Tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban-daban ma sukan bambanta a faɗi da siffar kafaɗa. Saboda haka awon motarka ne kaɗai abin dogaro, kuma ga yadda ake binsa. A fara sauke motar da sifirin da aka ƙera don ita. Yanke sifirin kamfani ko gasa shi da wuta yana ɓata ƙarfinsa, kuma babu lissafin da zai tsaya a kan irin wannan mota. A yi 'yan kwanaki ana hawa har sifirin ya zauna, sannan a yi alaimen. A wuri mai shimfiɗe, a auna tazarar da ke tsakanin gefen tayar da ke jiki da leɓen fenda, da kuma tsakanin bayanta da shokozoba. A cire abin da lissafin faɗi da ET ya nuna daga waɗannan lambobi, a tabbata aƙalla milimita 5 sun rage ta ciki, taya kuma ba ta leƙo wajen fenda ba. Kafin a biya kuɗi, a roƙi mai sayarwa a ɗaura wili ɗaya a gaba, a juya shi da hannu a ga ƙafafunsa ba sa taɓa kan birki. Idan an sa taya, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a hau tudu da ƙafa ɗaya domin ta matse, a cika kujerar baya da mutane a zaga. Ɗan alli da aka shafa a leɓen fenda da robar cikin kogo zai nuna duk inda aka taɓa.

Abu na ƙarshe shi ne lafiyar kayan da kansu, tunda da yawa daga cikin wili da tayoyin da ke kasuwa na hannu ne. A duba cikin wili a nemi tsaga ko alamar walda, a sa mai faci ya juya shi a injin balansin a ga ko yana rawa. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tsohuwar roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba, kuma taya mai gajeren gefe ba ta nuna wa ido cewa iskarta ta ragu, don haka gejin iska ya zama abokin tafiya, a riƙa dubawa da safe kafin taya ta ɗumama. A kuma tuna cewa taya mai girman da ba a saba da shi ba tana da wuyar samu idan ta fashe nesa da babban gari, alhali 205/55 R16 tana cikin girman da aka fi samu a ko'ina.

Mai karatu, idan ka sauke motarka ko kana shirin sauke ta, rubuta lambobi shida kafin ka je kasuwa: tsayin tayarka ta asali, lambar nauyinta, faɗin wilinka, ET ɗinsa, da'irar noti, da ramin tsakiya. Wilin da ya dace da waɗannan shida, saye shi. Wanda bai dace ba, bar wa mai shi kayansa komai kyawunsa da arhar kuɗinsa, domin iyalinka ne za su zauna a kan tayoyin nan huɗu.